Dokar Nasara Kan Ciwon Shanu: Mun Riƙe Takarda, Mun Yar Da Duba

Ƴan'uwa fataken shanu, dillalai, ƴan kore da direbobi, na wannan gefen iyaka da na wancan gefen, ina so in yi amfani da wannan fili da ƙungiya ta ba mu in taɓo wata magana da ke yawan tasowa a rumfunan tike, wato maganar takardar likitan bisashe da ake karɓa a bakin iyaka. Da yawa daga cikinmu suna cewa wannan takarda gadon Nasara ce, ba ta da wani amfani in ban da cin kuɗin talaka, don haka ƙungiya ta tashi tsaye a soke ta. Gaskiya ne gadon Nasara ce. Amma dokar da suka bari tana da ɓangare biyu, akwai takarda, akwai kuma duba dabba kafin a rubuta takardar. Mu da hukumominmu mun riƙe takardar da kuɗinta gam, dubawar kuwa, wadda ita ce mai amfanin, mun bar ta ta mutu. Abin da ya kamata mu nema a dawo da shi ke nan.

Kafin mu yanke hukunci, bari mu waiwaya mu ga abin da ya haifi dokar. A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu da aka kawo daga Indiya a tashar jiragen ruwa ta Masawa, a ƙasar Eritiriya ta yau, domin abincin soja. A cikin shanun nan akwai bushiya. Daga nan ta ratsa Habasha da Sudan, wajen 1890 zuwa 1891 ta iso tafkin Cadi da ƙasar Hausa, ta wuce har bakin teku a Senegal. Saniya ta fara da zazzaɓi, ido da hanci na zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta faɗi. A wurare da yawa, cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira. Wannan annoba ita ce ake kira Sannu, domin a lokacin ba abin da ake ce wa mai garke sai sannu. Fulanin da suka kwana da ɗaruruwan shanu suka wayi gari da sanda kawai. Da Nasara suka ci ƙasashenmu a farkon ƙarni na 20, garkuna ba su gama farfaɗowa ba, kuma bushiya ba ta daina dawowa ba.

Ku lura da abu ɗaya, shanun tafiya ne suka kawo ta. Ko a ƙasar Turai haka ta faru. A 1920 wasu shanu da aka ɗauko daga Indiya za a kai Birazil suka yada zango a tashar Antwaf ta Beljiyam, suka bar bushiya a can. Tsoron da wannan ya jawo shi ya sa ƙasashe 28 suka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a birnin Paris a 1924, wadda har yau tana aiki. Wato tun asali, idon likitan dabbobi a kan mai fatauci yake, domin mai kiwo yana zagaye a ƙasarsa, mu kuwa mu ne muke haɗa garken gabas da na yamma a rana ɗaya, a wuri ɗaya.

To, me dokar ta ƙunsa? A ɓangaren Faransa an fitar da dokar tsaron lafiyar dabbobi ta Afirka ta Yamma a 1915. A ɓangaren Ingila, Najeriya ta kafa ma'aikatar dabbobi a Zariya a 1914, ta yi dokar cututtukan dabbobi a 1917, sannan aka mai da cibiyar aikin Vom kusa da Jos a 1924, inda aka riƙa haɗa maganin rigakafi. A ƙasar Gana ta yau, cibiyar tana Pong-Tamale, kuma aka kafa tashoshin tsare shanu a iyakar arewa, irin su Paga da Pusiga, inda garken da ya fito ƙasar Faransi zai zauna kwanaki ana kallonsa kafin a bar shi ya nufi Kumasi. Faransawa sun buɗe makarantar horar da likitocin dabbobi ƴan ƙasa a Bamako, daga baya kuma suka gina ɗakin binciken Farca a Cadi. Harshe ya bambanta, tuta ta bambanta, amma dokokin kusan duk abu guda suke faɗa.

Na ɗaya, wanda ya ga alamar cuta a garkensa dole ya sanar da hakimi ko mai gari, shi kuma ya kai wa hukuma. Na biyu, a ware mai ciwo daga mai lafiya. Na uku, hukuma tana da ikon rufe yankin da cuta ta ɓulla, ba shiga ba fita, kasuwa ma a dakatar da ita. Na huɗu, mushe a binne shi ko a ƙone shi, ba a jan sa a bar wa ungulu. Na biyar, wanda ya fi shafar mu, shanun fatauci ba sa shiga ƙasa sai ta tashar da aka ƙayyade, a duba su, a yi musu lamba, a sa musu shaida, a ba mai su takarda mai ɗauke da yawansu da inda za su, kuma su bi burtalin da aka tsara, a sake ƙidaya su a tashoshin da ke kan hanya. In an rubuta maka 80 ka iso da 74, sai ka faɗi inda 6 suka shiga.

Ban ce Nasara ya yi wannan don yana ƙaunarmu ba. Jangali yana daga cikin manyan hanyoyin kuɗin baitulmali a Arewa, kuma saniyar da ta mutu ba ta biyan jangali. Suna bukatar nama domin barikin soja da biranen Kurmi, suna bukatar fata da ƙirgi domin jiragensu, kuma jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 yana bukatar kaya. An kuma yi aikin da ƙarfin tsiya. Gumi da dogari sun yi duka, an ci tara, an ƙwace. Rigakafin farko shi kansa yana da haɗari, domin ana haɗa wa dabba jinin mai cutar da ruwan kariya ne a lokaci guda, a tsare garke makonni a sansani, wasu su mutu a sanadin allurar. Ga kuma tsoron cewa duk saniyar da likita ya ƙidaya, mai karɓar jangali ya ƙidaya ta. Shi ya sa mutane suka riƙa raba garke, a kai rabi a ɓoye rabi, ko a tsallaka iyaka cikin dare, yau ƙasar Faransi gobe ƙasar Ingilishi. Wannan ƙiyayyar da muke yi wa tasha tana da asali, ba daga sama ta faɗo ba.

Akwai ma inda ƙarfin ya kai matuƙa. Da bushiya ta nufi kudancin Afirka a 1896, Turawan can suka riƙa harbe garkunan mutane, har da masu lafiya, suka kuma ja shingen waya na kusan mil 1,000 da ƴan sanda suna gadi. A ƙasar Zimbabuwe ta yau harbin shanun yana cikin abubuwan da suka tunzura jama'a suka yi tawaye a shekarar. Shingen kuwa bai hana komai ba, a 1897 cutar ta tsallake shi. Darasin a fili yake. Dokar da masu shanu suke gudu ba ta tsai da cuta, ko da bindiga ake tsaronta.

Amma mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Ginshiƙin dokar, wato a ware mai ciwo kuma kada a yi yawo da shi, ya girmi Nasara. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya su gauraya da masu lafiya, ya kuma hana shiga garin da annoba ta sauka ko fita daga cikinsa. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji labarin annoba ya juya da jama'arsa. A babin ciniki kuma an karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in aibin ya bayyana. Fulani ma tun kafin zuwan Bature suna kauce wa rijiyar da garke mai huhu ya sha, suna kuma da irin tasu lambar da suke yi wa shanu a kan hanci da ɗan yankin huhun wadda ta kamu. Don haka in mun ƙi tsare dabba mai ciwo da sunan ƙin dokar Nasara, tamu dokar muka fara takawa.

Ga kuma shaidar da ido ya gani. Bayan samun ƴancin kai, an samu sabuwar allura mai inganci wadda Dokta Walter Plowright ya haɗa a Kenya, allura ɗaya ta kare saniya har ƙarshen rayuwarta. A 1962 aka fara babban gangamin da ake kira JP15, kuma a nan yankinmu aka fara shi, Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi tare, ana yi wa kowace saniya lamba ana huda mata kunne. Gangamin ya ci gaba zuwa sauran ƙasashe har 1976, bushiya ta yi ƙasa sosai, kowa ya ce an gama. Sai gwamnatoci suka saki jiki, aka daina bin maruƙan da ake haifa, tashoshi suka koma wurin karɓar kuɗi. Ashe cutar tana kwance a tsakanin Mali da Muritaniya, tana kuma kwance a kudancin Sudan. A farkon shekarun 1980 ta taso ta gabas da ta yamma, ta bi hanyoyin fatauci, ta haɗu a tsakiyarmu. Mu da muke yara a 1983 mun ga mushe a bakin burtali, mun ga dattawan da suka saba ɗaure bijimai a tike sun koma ƴan kallo. An ƙiyasta asarar Najeriya kaɗai da dalar Amurka biliyan 2. Sai da aka sake sabon gangami na Afirka gaba ɗaya daga 1986. Ƙarshen ganin bushiya a Afirka ta Yamma shi ne 1988, ƙarshen ganinta a duniya 2001 a Kenya, kuma a 2011 aka yi shelar cewa ta ƙare a bayan ƙasa. Alhamdu lillahi. Abin da ya kashe ta shi ne allura mai kyau, da ƙasashe suka yi aiki tare, da kuma masu shanu da suka yarda suka kawo garkunansu da kansu.

Wani zai ce, to tunda bushiya ta tafi, tashar me kuma? Ɗan'uwa, bushiya ce ta tafi, sauran suna nan. Ciwon huhu yana nan, kuma ya fi ta wayo, domin yana iya kwanciya a jikin saniya makonni uku har zuwa wasu watanni kafin ta fara tari, wadda ta warke ma tana iya ci gaba da ɗauke da shi tana rabawa ta numfashi. Ciwon baki da kofato yana nan, ba ya yawan kashe manya amma yana zubar da nama da nono, yana kashe maruƙa. Saifa tana nan, ita kuwa har mutum take kamawa, kuma ƙwayarta tana zama a cikin ƙasa shekaru aru-aru. Ba mu manta ba, a watan Yuni na 2023 saifa ta ɓulla a arewa maso gabashin Gana, aka hana zirga-zirga da yankan bisashe a yankin ana dab da Layya, a watan Yuli kuma aka tabbatar da ita a Suleja. Wanda ya ɗaure dukiyarsa a wannan hanya a lokacin ya san abin da ya sha. Ga kuma annobar awaki da tumaki, ƙanwar bushiya, wadda duniya ta sa wa'adin 2030 don kawar da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne, haɗarin yau ya fi na zamanin Nasara. A da, ƴan kore suna tasowa daga nan su bi ta Jega ko ta Zariya, su tsallaka Kwara, su yi wata guda da ɗoriya, wani lokacin wata biyu, kafin su ga Badun. Wahala ce, sammore na cin su a cikin kurmi, amma tafiyar ita kanta tsarewa ce. Dabbar da ta taso da ciwo a ɓoye, hanya za ta tona mata asiri. Yau kuwa sa ya kwana a Maraɗi, ya hau kamyo a Ɗan Isa ko Jibiya, cikin kwana biyu ko uku yana Ikko. Na Ƙonni ya wuce Illela, na Damagaram ya wuce Maigatari ko Mai'aduwa, na Cadi ya bi ta Gamboru ko Mubi, duk su haɗu a tike ɗaya suna shaƙar numfashin juna. Wanda bai samu kuɗi ba a dawo da shi, ko wani mai kiwo ya saye shi ya kai rugarsa. Mota ta fi cuta saurin bayyana. In ba a duba dabba kafin ta hau ba, babu inda za a sake duba ta.

To yaya ake yi a wurare da yawa yanzu? Kowa ya sani. Yaron mota ya sauka da kuɗi a hannu, ya shiga ofis, ya fito da takarda mai hatimi, wanda ya sa hannu ko leƙa bayan motar bai yi ba. A wani wurin ma laifin ba na ma'aikaci ba ne, shi kaɗai ne, ba shinge, ba ruwa, ba ma'aunin zafin jiki, ga motoci 20 a jere kowa na cewa a sallame shi kafin rana ta yi zafi. Mu ma muna da namu kason. Akwai masu ganin sa ya fara tari su danna masa allurar kanti ana gobe kasuwa, ya miƙe ya yi kwana uku kamar lafiyayye, a sayar wa bayin Allah. Allurar ba ta raba shi da cutar ba, rufe ta kawai ta yi, ga kuma maganin ya zauna a cikin naman da mutane za su ci. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ranar da aka kama cuta a motar mutum ɗaya aka rufe hanya, ba za a tambayi wane ne mai gaskiya a cikinmu ba.

Na san abin da za a ce mini, tsarewa kuɗi ce. Kwana guda da shanu 30 a bakin iyaka, ga harawa, ga dusa, ga ruwa, ga mai mota yana ƙirga kwanansa, ga dabba tana zubewa. Haka ne, ni ma da wannan sana'ar nake ci da iyalina. Amma ba wanda ya ce a tsare kowace mota mako guda. Duban da ake bukata kullum na ɗan lokaci ne, a ga ido, a ga hanci, a buɗe baki, a dubi kofato, a saurari numfashi, wadda aka yi shakka a kanta a auna zafinta a ware ta. Tsarewa mai tsawo sai lokacin da cuta ta ɓulla. Ku auna wannan da rufe kasuwa na wata guda a lokacin Layya. Mun ɗanɗani rufe iyaka a 2019 da kuma 2023, ko da yake ba ciwo ne ya jawo su ba, mun ga yadda sa mai tsada ke komawa kuɗin tunkiya in babu hanyar fita.

Saboda haka ga shawarwarin da nake miƙa wa shugabanninmu, a duba su a taro mai zuwa.

Na farko, ƙungiya ta tsaya a kan cewa kuɗin takarda kuɗin duba ne. A ba mu rasit, likita ya fito ya ga dabba, wakilin ƙungiya yana tsaye. In ma'aikata sun yi kaɗan ranar kasuwa, mu rubuta wa ma'aikatar kiwo a ƙaro, da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ɗaya ba.

Na biyu, kowace babbar kasuwar iyaka ta samu shingen ware dabba mai ciwo, nesa da mashayar jama'a, da ruwansa dabam. Wannan ba sai mun jira gwamnati ba, abin da ake tarawa a kan kowane kai ya isa a fara.

Na uku, a kafa asusun tallafi. Dalilin da ya sa kakanninmu suka ɓoye wa Nasara shanu shi ne, wanda ya faɗi gaskiya shi ke asara shi kaɗai. In ɗan ƙungiya ya san cewa ranar da ya kai rahoton dabbarsa za a rage masa zafi, ba zai ɓoye ba.

Na huɗu, dillalin da aka tabbatar ya san aibi ya rufe, sarkin tike ya dakatar da shi, kuma mai saye ya samu haƙƙinsa na mayarwa kamar yadda shari'a ta tanada.

Na biyar, a wanke mota a zubar da tsohuwar shimfiɗa kafin a ɗora sabon kaya. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya, kada a sa mata wuƙa, kada a feɗe ta, kada a sayar wa mahauta da sunan rage asara. A kira likita, a binne ta da zurfi ko a ƙone.

Na shida, mu riƙa sanar da juna. Takardar ƙaura ta ƙasa da ƙasa da CEDEAO ta fito da ita a 1998 tana nan a tarihi, Nijar da Mali da Burkina kuma sun fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, a gefen Kamaru da Cadi ma suna da nasu fasfo na shanu. Takardu suna iya canzawa da canjin siyasa, amma cuta ba ta san wannan ba. Yau kowa da waya a aljihunsa. In an ga alama a Tunfafi, kafin magariba ya kamata shugabannin Illela su sani, in an gani a Maigatari, na Magarya su sani. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Nasara ya tafi da jangalinsa da bulalarsa, ba mu kewar ko ɗaya. Shanun kuwa namu ne, asarar ma in ta zo tamu ce, ba ta kwamanda ba. Shi ya tsare su don baitulmalinsa, mu ai mun fi shi dalilin tsare su. Ina roƙon ƴan'uwa da ke da wani ra'ayi dabam su rubuto a fitowa ta gaba, a tattauna cikin mutunci.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kiyaye hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka, ya sa mu ci halaliyarmu.